Guntun Ƙuli a Aljihun Maharazu

Duk telan da ya taɓa kafa keke a kasuwar Damari ya san Maharazu Mai Tarko, kuma ya san sharaɗinsa: a ɗinka masa riga, amma ban da aljihu. In tela ya manta ya sa, Maharazu zai tsaya a kansa har sai ya bi bakin aljihun ya rufe shi ruf. Goro a cikin hula yake ɗaukarsa, carbi a wuya. Masu tsegumi kan ce rowa ce, wai don kada a roƙe shi. Ƙarya suke yi, kuma da sun san dalilin da sun kama bakinsu.

A wani ƙauye yamma da Ƙanƙara aka haife shi, gidan manoma waɗanda in rani ya yi sukan shiga daji da tarko. A nan ya koyi bambanta ramin gafiya da na kurege, ya san sawun gyazbi a bakin fadama. Ba mutum ne mai wani dogon labari ba. Ya yi noma, ya yi aure, matarsa Suwaibatu ta haifa masa ɗiya, aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Zulaihatu. To, ga ta ɗiyar fari, ga kuma sunan uwa, don haka sunan nan bai taɓa fitowa daga bakin Maharazu ba. Goggo yake ce mata, sai kowa ya bi shi.

Sai fari ya zo, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mutane suka koma tonon gidan tururuwa, shi kuwa Maharazu ya koma tonon ramin gafiya, domin ya san halinta: ɓarauniya ce, amma mai tanadi. Sai ya wuni yana haƙa, ya fito da tafin hannu biyu na dawa da gyaɗa gauraye da ƙasa da kashin gafiya. Suwaibatu ta sheƙe, ta wanke, ta dama kunu. Da wannan suka rayu. Tsohuwarsa dai ba ta kai ba, don ashe rabonta take tura wa takwararta a ɓoye. Tun daga ranar da ya binne ta, Maharazu ba ya iya tsallake ƙwayar hatsi a ƙasa, sai ya duƙa ya ɗauka.

Da damina ta sake yaudara, ya ɗaura kayansa a jaki, suka bi ta Faskari suka gangara kudu har Damari, ƙasar Sabuwa, inda har lokacin akwai ruwa, akwai kurmi mai duhu a bakin rafi.

Kwanakin nan ne kuɗin mai suka ɓalle a ƙasa. Rediyo ya shiga kowane zaure, wanda jiya yake kan jaki yau ga shi kan babur yana tayar wa mutane da kaji. Wani Alhajin birni ya samu fili, ya kawo katafila tana ture itatuwan bakin kurmi don a shuka masara. Maharazu yana kallo. Akwai wani kusu na cikin kurmin, mai laushin gashi da doguwar wutsiya, wanda ke hawa kurangar itace kuma ba ya taɓa shiga ɗakin mutum. Duk inda katafila ta ci, sai wannan ya ja da baya, kusun gida da na gona su maye wurin.

Wata kaka, Landiroba ta tsaya a ƙofar mai gari. Wata mata ta sauko, Malama Alheri, mutuniyar kudancin Zariya, daga jami'a. Ta ce kusu take nema, masu rai, kuma tana son wanda ya san ramukansu. Mai gari ya danne dariyarsa, ya aika a kira Maharazu.

Ta kafa tanti ƙarƙashin mangwaro a bayan gari, ta ba shi tarkuna irin waɗanda bai taɓa gani ba, 'yan akwatunan kwano da ke rufe kusu ba tare da sun karya shi ba. Ƙuli-ƙuli ake sawa a ciki. Ta ba shi safar hannu ta roba da ƙyallen rufe hanci. Sannan ta nuna masa wani rami da aka haƙa gefen tantin.

“Malam Maharazu, duk ƙulin da ya rage a tarko, nan za ka zuba. A sa kananzir, a ƙone.”

“A ƙone abinci, Malama?”

“Wanda kusu ya kwana a kai ba abinci ba ne.”

Ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Akwai wani zazzaɓi da ake kira Lasa, wanda 'yan shekarun baya ya kashe har ma'aikatan asibiti a Jos, cikinsu da wata ƙawarta. Maƙogwaro ke fara rufewa, fuska ta kumbura, wani lokaci jini ya riƙa fita ta inda bai kamata ba. An gano kusu ke ɗauke da shi, shi lafiyarsa ƙalau, sai dai ya yi fitsari a kan abin da mutum zai ci. Matsalar ita ce, kusun da ake zargi yana da ɗan'uwa, su biyun kamar an tsaga kara. Ido ba ya raba su, sai an leƙa cikin ɓargonsu.

Ta sa shi ya ɗora ido a kan madubin da ke ƙara wa abu girma. Da farko gashin idonsa kawai ya gani. Can sai ga wasu 'yan abubuwa baƙaƙe a warwatse, kamar ƙwayoyin shinkafa da aka manna bibbiyu. Ta ce sunansu kuromosom, kowace halitta da adadin nata, kuma daga kaka ɗaya zuriya kan rabu a hankali har adadin ya bambanta. Kusun kurmi nasa lissafin daban. A cikin 'yan'uwan nan biyu kuwa, ɗaya yana da talatin da takwas, ɗaya talatin da biyu.

“Mai talatin da biyun muke zargi,” in ji ta. “Shi ne mai son gidan mutane.”

Maharazu ya ji, kuma ya tsorata, kada wani ya ce bai ji ba. Safar nan ko sau ɗaya bai cire ta a bakin aiki ba. Amma kullum aka kyasta ashana a ramin nan, ƙamshin gyaɗa ya taso, sai ya kau da kai. Yakan tuna hannun tsohuwa yadda ya koma kamar kara. Zuciyarsa ta riƙa ce masa: to wai hatsin bakin gafiya ba shi ya raya ku ba? Mi ya same ku?

Wata safiya ya buɗe tarkon da ya ɗana a bakin kurmi, gindin wani maɗaci da katafila ta kayar. Kusun ciki mai yagaggen kunne ne, kuma da ƙyar ya ɗan gatsi ƙulin, guntu ne babba, ja, mai mai. Maharazu ya juye kusun a jakar Malama. Ya dubi guntun, ya dubi hanya, ba kowa. Ya ce a ransa ai kaji ma bayin Allah ne, kuma kaza ba ta zazzaɓin mutane. Ya jefa shi a aljihun rigarsa.

Da hantsi ya iso gida. A bakin zaure ya ci karo da wani dattijo maƙwabcinsa da ya dawo daga ta'aziyya, kuma ka san gaisuwar dattijo, ba a yanke ta. An tambayi gajiya, an tambayi iyali, an yi wa mamaci addu'a, an shafa. Cikin haka Goggo ta fito a guje, lokacin ba ta fi shekara bakwai ba, ta rungume ƙafarsa, ta zura hannu a aljihunsa kamar yadda kowane yaro ke yi wa ubansa in ya dawo. Ya ji hannun. Hannayensa biyu suna sama yana amsa addu'a. Kafin a ce amin, ya sauke ido, sai ya ga tana lashe ɗan yatsa, ga garin ƙuli a gefen bakinta.

“Baba, gobe ma ka kawo mani,” ta ce.

Bai gaya wa kowa ba. Ya sa ta kurkure baki, ya ba ta tsamiya ta sha, ita kuwa tana dariya. Daga ranar nan tsoro ya shige shi ya zauna. Yana cikin ɗana tarko sai ya ji kamar an kira shi daga gida. In ta yi tari, sai cokali ya tsaya a hannunsa. Ya riƙa taɓa goshinta safe da rana da yamma, har Suwaibatu ta ce, “Malam, wai mi kake nema a goshin yarinyar nan?” Ya ce ba komai. Mutumin da alkunya ba ta barinsa ko ya ɗauki ɗiyar fari a gaban mutane, yau shi ne ke bin ta da ido har bakin rijiya.

Mako ya wuce, na biyu ya kama hanya. Ya fara cin tuwo yana jin ɗanɗanonsa. Har ya fara yi wa kansa dariya, yana cewa 'yan boko da tsoro.

Sai ran nan ta ƙi tashi daga tabarma. Jikinta kamar an ɗora tukunya. Suwaibatu ta ce masassarar kaka ce, ta dafa ganyen bedi ta yi mata sirace. Washegari aka kawo kunu, Goggo ta kurɓa, ta kasa haɗiyewa, ta kama wuyanta tana hawaye. Maharazu ya leƙa fuskarta ya ga ƙasan idonta ya tasa. Ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba.

Ya tarar da Malama Alheri a bakin tanti tana jera 'yan gilasan da take shafa wa ɓargon kusu a rana. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi mata ba, ya faɗa mata komai tun daga gindin maɗaci. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tayar masa da hankali. Ta kira direba ta ce ya zuba mai a mota yanzu.

“Malama, mai yagaggen kunnen nan, kin ƙirga nashi?”

“Ban kai kansa ba. Kuma ƙirgen ba zai canja komai ba, asibiti za mu ko nawa ne.”

“Don Allah ki diba mani kafin mota ta tashi.”

Ta dube shi, ta ga ba zai iya tashi daga wurin ba in ba a duba ba. Ta laluba cikin akwati ta zaro gilashin, ta sa a ƙarƙashin madubi, ta murɗa, ta murɗa. Sannan ta fara ƙirgawa a fili, a hankali, don ya ji.

Maharazu ya ciro carbinsa, ɗan ƙarami mai ƙwaya talatin da uku. Duk lambar da ta faɗa sai ya ja ƙwaya ɗaya. Ya riga ya yi lissafinsa: in bakinta ya wuce ƙarshen carbin nan, to ɗaya ɗan'uwan ne, Goggo ta tsira. Ta wuce goma. Ta wuce ashirin. Yatsunsa suka jiƙe, ƙwayoyin suna zame masa. Yana jin direba yana buga jarka, yana jin wata kurciya a kan mangwaro, yana jin bugun cikin kunnensa. Ashirin da tara. Talatin. Talatin da ɗaya. Talatin da biyu.

Ta yi shiru.

Ya jira. Ƙwaya ɗaya ta rage a ƙarƙashin babban yatsansa, yana ta danna ta.

“Ci gaba, Malama.”

“Sun ƙare.”

“Ki sake. Wataƙila wasu sun hau kan wasu.”

Ta matsa zuwa wani gefen gilashin ta sake daga farko, shi ma ya sake. A wuri ɗaya suka tsaya. Ta ɗago ta ce masa, ba kowane mai talatin da biyu ke ɗauke da ciwon ba, da yawansu ba su da komai. Ya ji maganar kamar daga ƙasan rijiya take zuwa.

A tsakar gida, gaban Malama, ya gaya wa Suwaibatu. Ta tsaya da ludayi a hannu.

“Ƙulin da aka ce a ƙone?”

“Shi.”

Ita ce fa ta sheƙe hatsin ramin gafiya da hannunta, ta san abin da ya sa. Ta ajiye ludayin ta ce, “Ɗauko ta, Malam. Magana ta jira.”

Wanda bai bi hanyar Sabuwa zuwa Funtuwa a wancan zamanin ba, bai san hanya ba. Kuɗin mai sun kai ko'ina ban da nan. Mota ta faɗa rami ta fito, ta ratsa rafi, ta kafe a yashi har sai da suka tura. Goggo tana kwance a cinyar uwarta, kanta yana lilo, Malama ta rufe musu hanci duka, ta sa wa Suwaibatu safa. Duk sanda motar ta yi tsalle yarinyar ba ta yi kuka ba, sai Maharazu ya juyo ya zuba ido a ƙirjinta har ya ga ya ɗaga.

A asibiti aka keɓe ta a wani ɗaki can ƙarshe. Suwaibatu kaɗai aka bari ta shiga. Shi aka ce ya tsaya waje, sai ya samu gindin wata bishiya da ke kallon tagar ya zauna. Labari ya zagaya, masu jinya suka riƙa kewaye shi kamar kashi a hanya, mai sayar da koko ma daga nesa take ajiye masa. Bai damu ba. Ƙofar nan kawai yake kallo. In ta buɗe, gabansa ya faɗi, in ta daɗe ba ta buɗe ba, ya fi faɗuwa. Ya ga an fito da wani a rufe daga ɗakin kusa, ya miƙe bai san ya miƙe ba, sai da ya ga tsawon gawar ya wuce na yarinya sannan ya koma ya zauna yana istigfari, don ya san ya yi murna da mutuwar ɗan wani.

Wata rana da azahar wani ma'aikaci ya fito da ƙunshi a bakin sanda: zanen Goggo, da tabarmarta, da kwanon tuwon da aka kai mata ta kasa ci. Za a ƙone su a bayan katanga. Maharazu ya bi shi ya ce a ba shi ashanar. Tuwon dawa ne, cikakken kwano, ko gutsura ba a yi ba. Ya zuba kananzir da hannunsa, ya kyasta, ya tsaya har ya zama toka. Bai kau da kai ba ko kaɗan.

Allah da ikonsa, zazzaɓin ya sauka. Suwaibatu ta leƙo ta taga ta ɗaga masa kofin da yarinyar ta shanye. Maharazu ya kifa goshi a ƙasa a wurin, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da ya binne uwarsa.

Malama Alheri ta ɗebi jinin Goggo ta aika ƙasar waje, don a nan ba a iya tabbatarwa. Ta gaya masa gaskiya, cewa akwai zazzaɓi iri-iri masu kama da juna, kuma mai yiwuwa ba ƙulin ba ne sam. Daga baya ta aiko cewa ƙanƙarar da aka sa jinin a ciki ta narke a hanya, ya lalace. Har Maharazu ya tsufa, yana gina wa mutane rumbu a kan duwatsu yana toshe musu ramukan ɗaki, babu wanda ya iya ce masa e ko a'a.

Suka dawo Damari da yarinya ta rame, ba ta magana, sai ido. Kowa ya ce rashin ƙarfi ne. Suwaibatu ba ta ce komai ba, kuma da Maharazu yana da wayo da ya lura da shirun nan nata.

Da safe ya fito ya same ta zaune bakin murhu, ta ba shi baya, tana watsa wa kaji dusa. Rana ta haska bayan wuyanta, siriri. Daɗi ya kama shi. Ya tsaya daga ƙofar ɗaki.

“Goggo.”

Ta ci gaba da watsa dusa.

“Goggo, an tashi lafiya?”

Kaji suka ɗago kai saboda muryarsa. Ita ba ta ɗago ba. Ya matso, ya tafa hannu a bayanta, har zakara ya tashi ya haye danga. Tsoron da ya zaci ya baro a gindin bishiyar asibiti ya dawo masa gaba ɗaya. Ya duƙa dab da kunnenta, ya buɗe baki, ya faɗi sunan da bai taɓa faɗa ba tun da aka raɗa mata shi, sunan uwarsa.

“Zulaihatu.”

Ta ɗebi wata dusar ta watsa.

Sai da inuwarsa ta faɗo a gabanta ta juyo. Ta gan shi, ta yi murmushi, ta miƙa ɗan siririn hannunta ta zura a aljihunsa tana lalube.

Ya riƙe hannun, ya fito da shi a hankali. Suwaibatu tana tsaye bakin madafa tana kallonsu, hawaye na bin fuskarta.

“Tun a asibiti,” ta ce. “Na rasa ta inda zan fara gaya maka.”

Maharazu ya tuɓe rigar ya miƙa mata. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko allura da zare, ta zauna kusa da ɗiyarta, ta fara daga aljihun gefen dama.